Maginiya: Ƙudan Zuman Da A Ke Yi Wa Gidan Katako

'Yan'uwana mata, Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. To, yau ga labarin wani ƙudan zuma wanda ba ya tara zuma ko cokali guda, harbi kuwa sai in an matse shi cikin hannu, amma duk da haka manoman tuffa na ƙasar Japan da na Amurka suna kashe kuɗinsu suna yi masa gida, suna tattalinsa kamar yadda mu ke tattalin kajinmu. Gidan nan kuwa guntun katako ne kurum da aka huhhuda. Dalilin da ya sa na kawo zancen cikin wannan fili namu shi ne, aikin duka na mace ne, tun daga ɗibar laka har rufe ƙofa, kuma yin gidan bai fi ƙarfin kowace uwargida mai ɗan lambu a bayan ɗaki ba. Sai dai akwai ƙa'ida. In an kuskure ta, abin da aka yi da niyyar gida ya kan zama kabari.

Mu nan in an ce ƙudan zuma, abin da mu ke tunawa shi ne amya bisa kuka ko ɗorawa, da taron dubbai, da sarki a tsakiya. (Sarkin nan ma a gaskiya mace ce, ita ke haihuwar duk 'yan amyar, mu ne dai muka naɗa mata rawani.) Amma masana sun ƙidaya iri wajen 20,000 cikin dangin ƙudan zuma a duniya, masu yin saƙa irin ta amyarmu kuwa ba su wuce iri goma sha kaɗan ba. Mafi yawan sauran ba su zaman taro. Kowace mace ita kaɗai ta ke riƙe da gidanta, ba sarauniya, ba barori, ba kishiya.

Cikin waɗannan masu zaman kaɗaici akwai wani dangi da masana ke kira Osmiya. Sun fi iri 300, mazauninsu kuwa ƙasashen sanyi ne, watau Turai, da Amurka ta Arewa, da Sin, da Japan. Turawa suna ce da su magina, domin da laka su ke aiki. Mu sai mu kira macen maginiya. Girmanta kusan na ƙudan zumanmu ne, ko ta ɗan gaza. Ta Amurka baƙa ce mai sheƙin shuɗi, kamar rawanin ɗan Kura da ya sha bugu. Ta Ingila ja-ja ce mai yawan gashi.

Yadda Ta Ke Gini

A ƙasashen nan, in hunturu ya janye, wajen watan Maris zuwa Mayu, itatuwa su kan ɓarke da fure gaba ɗaya. Daidai lokacin nan ne magina ke fitowa. Maza su ke fara fita, su yi 'yan kwanaki suna shawagi a bakin ramuka suna jiran mata. Da an yi barbara aikin namiji ya ƙare, ba da jimawa ba ya mutu. Mace kuwa kwanakinta a sarari ba su wuce mako 4 zuwa 6 ba, cikinsu za ta gama kome da kome.

Ba ta iya huda ice da kanta. Sai ta nemi ramin da ta tarar, ko wanda tsutsar ice ta bari a jikin matacciyar itaciya, ko kara mai rami a ciki. In ta sami wanda ya yi mata, ta shige can ƙuryarsa ta yi bango da laka. Sa'an nan ta shiga jigilar garin fure, watau irin bununin nan da mu ke gani bisa gero da masara. Ta cuɗa shi da ɗan ruwan zaƙin fure, ta dunƙula kamar ɗan curin fura, girmansa bai fi ƙwayar wake ba. Ta saka ƙwai guda a bisansa, ta ja bangon laka ta rufe. Ɗaki ɗaya ke nan. Bangon da ta rufe da shi kuwa shi ne bayan ɗaki na biyu. Haka za ta yi ta jera ɗakuna, ɗaya gaban ɗaya, har ta iso bakin ramin, ta toshe shi da laka mai kauri.

Ga ɗan lissafi ga masu son lissafi. Masanan Amurka da suka zauna suka lura da irin tasu sun ga a kowace fita ta kan sauka bisa fure wajen 75, kuma sai ta yi sawu wajen 25 kafin guzurin ɗaki guda ya cika. Fure 1,875 ke nan domin ɗa guda. Ban da wannan ga sawu wajen 10 na ɗaukar laka a baki domin kowane bango. Ta kan gama kamar ɗaki guda a yini, in wuri ya yi mata kyau kuwa ta cika rami 2 zuwa 4 kafin kwananta ya ƙare.

Ba ta ganin 'ya'yanta ko sau ɗaya. Bayan ta mutu ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta cinye curin nan, ta saƙa wa kanta kwanso irin na tsutsar tsamiya da a ke samun siliki daga gare ta. Cikin kwanson ta ke rikiɗa ta zama cikakken ƙuda tun kafin sanyi ya shigo, ta kwanta barci duk tsawon hunturu, sai shekara ta kewayo ta fasa bango ta fito. Watau cikin wata 12 na shekara, wajen 10 a cikin ramin nan a ke yinsu. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya sa kyan gidan ko muninsa ya zama zancen rai da mutuwa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka bayyana wa duniya asirin nan malamin makaranta ne, Bafaranshe, sunansa Jean-Henri Fabre, an haife shi a 1823, ya rasu a 1915. Ya fito daga makarantar horon malamai ta Avignon, aka ba shi aji a garin Carpentras. Wajen 1843 ya kan fita da yaransa bayan gari domin koya musu awon fili. Sai ya lura yaran nan ba su tsayawa inda ya ajiye su, wannan ya sunkuya, wancan ya sunkuya, kowa da tsinke a hannu. Da ya bincika, ashe waɗansu 'yan gine-ginen laka su ke fasawa a jikin duwatsu, suna lasar abin zaƙin da ke ciki. Wani irin magini ne na dabam, mai gini bisa dutse. Maimakon bulala, malam ya ce su koya masa shi ma. Har albashinsa na wata guda ya zuba ya sayi littafin ƙwari domin ya san ko wane ne mai ginin nan.

Da girma ya zo masa, a gidansa na ƙauyen Sérignan, sai ya jera karare masu rami da bututun gilas a ɗakin karatunsa, ya bar taga a buɗe, magina suka shiga suka yi ta gini a gaban idonsa. Nan ya ga abin mamaki. Inda wuri ya ke da ƙunci ko gajarta, 'ya'ya maza ke fitowa. Inda ya ke da yalwa, mata. Watau uwar ce ke zaɓen abin da za ta haifa. Yau an san yadda abin ya ke. Tana ajiye irin namiji cikin wata 'yar jaka a cikinta. Ƙwan da ta sakar wa irin nan shi ke zama mace, wanda ta hana wa shi ke zama namiji. Mu 'yan Adam ba haka mu ke ba. Likitoci sun tabbatar irin uba ne ke yanke ko mace ko namiji, saboda haka masu harar matar da ta jera 'ya'ya mata su nemi wani wurin kai hararsu.

Ita dai maginiya 'ya'yanta mata ta ke fifitawa. Su ta ke sa wa a ƙurya, cikin manyan ɗakuna da guzuri mai yawa. Maza ta ajiye su kusa da ƙofa, ɗaki ƙarami, abinci kaɗan. In tsuntsu ko wani ƙwaro ya fasa ƙofa, su zai fara ci. In kuwa an kwana lafiya, su ne za su fara fita su buɗe wa 'yan'uwansu hanya. To, ga inda zancen ya shafi kafinta. Ramin da ba shi da zurfi ba shi da ƙurya, duk bakin ƙofa ne, saboda haka yawanci maza za ta cika shi da su. Maza kuwa ba su gini, ba su jigilar gari, ba su saka ƙwai. Mai gidan da ramukansa suka gajarta zai ga ƙudajensa suna raguwa shekara bisa shekara bai san dalili ba.

Abin Da Manoma Suka Gani A Jikinta

Yawancin irin tuffa ba su yin 'ya'ya sai an kawo wa furensu gari daga wata itaciyar tuffa mai iri dabam. Ƙudan zuman amya yana wannan aiki, amma shi mai tsabta ne ƙwarai: ya kan jiƙa garin, ya matse shi a ƙafafunsa na baya, kaɗan ne ke zuba. Maginiya kuwa a busasshensa ta ke ɗauka, cikin gashin da ke ƙarƙashin cikinta, kuma da cikin nan ta ke faɗawa tsakiyar fure. Duk inda ta sauka sai ta bar gari, kamar yarinyar da ta dawo daga injin niƙa da ƙwarya ba murfi. Har wa yau tana fita ran da a ke lumshi da sanyi, lokacin da na amya ke zaune ciki, kuma in da fure kusa ba ta yin nisan da ya wuce kamar mita 100 daga gidanta, watau ba ta barin gonarka ta tafi ta maƙwabci. An auna an ga mata 250 zuwa 300 sun isa eka guda ta tuffa, aikin da a ke kai wa amya guda ko biyu masu ƙudaje dubbai.

Mutanen Japan su suka fara mai da abin sana'a. Lardin Aomori, can arewacin babban tsibirinsu, shi ke ba da fiye da rabin tuffar ƙasar. Da can magina suna zaune cikin kararen jinkan ɗakunan manoma, ba wanda ya kula da su. Da aka shiga feshin maganin ƙwari, aka kuma sauke jinka aka sa rufin zamani, sai ƙwarin da ke yi wa furanni hidima suka ragu. Ya zama dole mutane su hau tsani da ɗan tsinke mai tuntu, suna shafa wa fure gari ɗaya bayan ɗaya. Ku dubi wahala! Tun cikin shekarun 1940 wani manomi na lardin ya fara ɗaure karare dami-dami yana kiwon maginan, sannu a hankali dabarar ta bazu, har ya zama fiye da rabin gonakin tuffa na Japan da su a ke aiki. Suna kiransa mameko-baci, watau ƙudan garin wake, domin curin da maginiya ke yi ya yi kama da garin waken soya da su ke barbaɗawa bisa abincinsu. A garin Itayanagi har bikin godiya a ke yi masa cikin watan Mayu.

A Amurka, wata masaniyar ƙwari ta ma'aikatar gona, Suzanne Batra, ita ta kai irin na Japan ƙasar a 1977. Cikin waɗannan shekaru kuma wani masani, Philip Torchio, yana garin Logan a jihar Yuta yana gwada irin nasu na gida, mai sheƙin shuɗin nan. Awon da zan ba ku yanzu daga irin wannan bincike ya fito.

Yadda A Ke Yin Gidan

A nemi katako busasshe sarai, wanda ba a jiƙa shi da maganin gara ba, ba a shafa masa baƙin mai ba. Abin da ke kashe gara yana kashe tsutsar maginiya. Ɗanyen katako kuwa in ya bushe tsagewa ya ke, kun kuwa san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan ma ta tsaga ne ruwa da ɓarayin ƙwari ke shiga. Guntun ya zama yana da faɗin inci 7 ko 8 ta wajen da za a huda, domin ramin zurfinsa inci 6 ne, watau santimita 15, kuma lalle a bar inci guda a baya ba a ɓula ba. Rami mai ƙofa biyu ba ta so. A huda ta gefen katakon, watau a ratsa jijiyarsa. In an huda ta kan da zarto ya yanka, ya fi saurin tsagewa.

Faɗin ramin, ga maginiyar Amurka, kashi 5 cikin 16 na inci ne, watau milimita 8, kusan kaurin fensir. In ya fi haka faɗi sai ta ɓata ƙarfinta wajen ɗaukar laka. In ya gaza, ƙunci ya sa ta zuba maza. Tsakanin rami da rami a bar kashi 3 cikin 4 na inci. Ki tsaya bisa kan kafinta a nan, 'yar'uwa, domin su kan ga abin wasa ne, su huda inci 2 su ce ai ya isa. Ki tafi da tsinke mai tsawon inci 6 ki zura cikin kowane rami a gabansa.

Sai santsi. Bakin abin hudar ya zama mai kaifi, a juya katakon a buga ƙurar ta zube, a naɗe samfefa a goge bakin kowane rami. Fiffiken ƙudan nan ya fi ɓawon albasa rashin kauri, ga shi za ta shiga ta fita sau ɗaruruwa, wani lokaci da baya. Ɗan sartse guda ya isa ya yage shi, mai yagaggen fiffike kuwa ta gama aiki.

Masu gwaninta su kan ƙara abu guda wanda na ga ya fi kome muhimmanci. Su kan ɗan faɗaɗa ramin, su naɗe takarda mai ƙarfi marar tawada a jikin fensir sau 2 ko 3, su zura cikin kowane rami, su bar ɗan leɓe da za a kama a jawo. Cikin takardar maginiya za ta yi gini. Amfanin wannan yana nan tafe.

Daga nan a buga ɗan rufi wanda ya zarce gaba da inci 2 ko 3, a kafa gidan a jikin bango ko gungume, tsayin ƙirjin mutum, ya ɗan sunkuya gaba kaɗan don kada ruwa ya kwanta ciki. A kafa shi da ƙusa ya tsaya kyam. Kada a rataye shi da igiya bisa reshe yana lilo, domin jijjiga ta kan raba ƙaramar tsutsa da curinta, ta mutu da yunwa ga abinci kusa da ita. A ƙasashen sanyi su kan fuskantar da shi wajen hantsi, domin sai jikinta ya yi ɗumi ta ke iya tashi. Kusa da wurin a haƙa ɗan gurbi a riƙa jiƙa shi, ƙasar kuwa mai yumɓu, wadda ke dunƙuluwa cikin hannu. Duk wadda ta taɓa yaɓe ko daɓe ta san rairayi ba ya kama bango, maginiya ma ta sani. In ba laka kusa, kome kyan gidan sai ta bar shi.

Rami 20 ko 30 sun isa gida guda. Ƙananan gidaje uku a warwatse sun fi babba guda.

Inda A Ke Kuskurewa

A daji ramukan nan a warwatse su ke, ɗaya nan, ɗaya can. Mu kuwa mun tara su wuri guda, kamar wadda ta cusa kaji hamsin cikin akurki ɗaya. Kowa ta san abin da ke biyo baya. Akwai waɗansu ƙananan ƙwari kamar ƙuma, su kan shiga ɗaki su hayayyafa, su cinye guzurin, tsutsa ta mutu. In 'yan ɗakunan ƙurya suka zo wucewa sai su manne musu a baya, a kai su sabon gida. Akwai wata fumfuna mai sa tsutsa ta sandare ta yi tauri kamar alli. Akwai wata 'yar mitsitsiyar rina mai soka ƙwanta cikin kwanso, da wani ɗan ƙuda mai jajayen idanu wanda ke laɓewa a bakin rami, da uwa ta fita ya shige ya zuba ƙwansa bisa curin. Duk waɗannan ƙaruwa su ke kowace shekara cikin katakon da ba a iya buɗewa. Shekarar fari gida ya cika, mai shi ya yi murna. Zuwa ta uku ko ta huɗu galibin ƙofofin suna nan a toshe, ba mai fitowa.

Ga amfanin takarda. Wajen watan Oktoba ko Nuwamba masu kiwo su kan zare takardun, su warware, su tsince kwansunan, su wanke su da ruwan sanyi, su zubar da masu cuta, su shanya, su ajiye a wuri mai sanyi har furanni su dawo. Waɗansu maimakon huda su kan sa kafinta ya yi kwari-kwari a jikin alluna, a jera su bisa juna a ɗaure tam, in lokaci ya yi a kwance a kankare. Wadda nata katakon ba takarda kuwa, kada ta bari ya wuce shekara 2. In lokacin fitowa ya yi ta sa shi cikin kwali mai duhu, ta huda ƙofa guda wadda ɗan yatsa zai shiga, ta kafa sabon gida kusa. 'Ya'yan za su bi haske su fita, su kama sabon. Tsohon kuwa in ya zama kango a sa shi a murhu.

A birnin Toronto na ƙasar Kanada waɗansu masana biyu sun kafa irin gidajen nan kusan 600 cikin shekara 3, suka ƙidaya ƙwari fiye da 27,000 da suka fito daga ciki, suka bayyana sakamakon a 2015. Sun tarar dangin rina da zanzaro sun fi ƙudajen zuma 'yan ƙasa yawa a ciki, baƙin ƙudaje da aka shigo da su daga wata nahiya kuma sun kama wuri mai yawa. Watau kafa katako kaɗai bai isa a ce an taimaki maginiya ba. A ganina mafi muni su ne na kanti da a ke sayarwa a Turai da Amurka domin ado, masu fenti da ɗan rufi kamar gidan 'yar tsana, ramuka gajeru, baya a buɗe, karare an manne su da gam ba su zaruwa. Waɗansu ma bututun roba a ke sa musu, wanda ke gumi ya haifi fumfuna. Gara guntun katakon da kafinta ya yar, in an huda shi daidai.

To, Mu Fa?

Osmiyar da na ba ku labari ba 'yar ƙasarmu ba ce, rayuwarta a ɗaure ta ke da hunturu mai ƙanƙara. Kada kuwa wani ya yi sha'awar sayo kwansunanta ya shigo da su. Amurka ta ga darasi: wani magini na Asiya da aka fara gani can a 2002 ya yaɗu ƙwarai a gabashin ƙasar, bincike kuma ya nuna maginan gida suna raguwa a wuraren.

Amma muna da danginta, mun sha ganin aikinsu ba mu san mai shi ba. In kin ga ganye a lambunki an yanke gefensa shan-wata-shan-wata, sumul, kamar an ɗora kwabo an zagaya da almakashi, aikin wata 'yar'uwar maginiya ce. Ita da ganye ta ke shimfiɗe ɗakunanta ta rufe su. Waɗansu da ƙaro su ke toshe nasu, waɗansu da laka. Duk suna shiga ramin katako. Babban ƙudan nan mai ƙugi da ke huda azara shi ma ɗan dangi ne, amma shi da kansa ya ke huda. Zanzaro kuwa, ko da ya ke magini ne, ba ƙudan zuma ba ne: tsutsotsi ko gizo-gizo ya ke cusa wa 'ya'yansa maimakon garin fure. In danginsa suka kama rami ɗaya ko biyu ki ƙyale su, tsutsar da su ke kwashewa ita ke cin ganyenki.

Bukatarmu gare su ba ƙarama ba ce. Kabewa, da kankana, da guna, da duma, furensu iri biyu ne bisa yaɗo guda, namiji dabam, mace dabam. Macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta. In ƙwaro bai kawo mata gari ba, ƙullin nan ya kan yi rawaya ya faɗi, uwargida ta ce ƙasa ce ba ta da kyau, ko kuwa baki ne ya kama. A ƙasar Burkina Faso wani bincike da aka bayyana a 2017 ya nuna ziyarar ƙudan zuma, na amya da na daji, ta ƙara amfanin auduga da riɗi har zuwa wajen kashi 62 cikin 100.

Wadda za ta gwada a nan sai ta ɗan sauya awon. Da ya ke namu iri-iri ne, manya da ƙanana, a huda ramuka masu faɗi dabam dabam, daga milimita 3 zuwa 10. Ƙananan zurfin inci 3 ko 4 ya ishe su, daga milimita 6 zuwa sama kuwa a cika inci 6 ɗin nan. Guntayen gora ma suna yi, in an yanka su ta yadda gaɓa ta toshe baya. Mu ɗumi ba shi ne damuwarmu ba, zafi ne. A kafa gidan a bangon gabas, ƙarƙashin inuwar rufi, inda ranar azahar da ta la'asar ba su dukansa, kuma kada ya matsu da kwano. Kada ya taɓa ƙasa saboda gara, a riƙa duba ko tururuwa sun yi hanya zuwa gare shi. In ƙadangaru ko tsuntsaye sun matsa, a sa ragar waya mai manyan idanu a gabansa, da ɗan rata. A kafa shi gab da damina, lokacin da furanni za su yawaita. Zancen wanke kwanso da ajiya cikin sanyi na mutanen hunturu ne. Mu dabarar kwali da sabon katako ta ishe mu.

Kada a yi feshin maganin sauro ko a yayyafa fiya-fiya kusa da bangon nan. In mai gida zai yi wa lambu feshi, ya bari sai da magariba, ya kuma kauce wa furen da ke buɗe. Ku sani kuma, cikin masu zaman kaɗaicin nan wajen kashi 7 cikin 10 a ƙasa su ke haƙa ramukansu, katako bai dame su ba. Su abin da su ke so shi ne wani lungu a bayan gida da ba a shafe da siminti ba, ba a kuma kai masa fartanya.

Yara suna iya tsayawa kusa su yi kallo. Mazan ba su da ƙari sam, matan kuwa ba su da rumbun zuma da za su tsare, ba su taruwa su bi mutum. A dai hana su zura tsinke. Malamai mata da ke da aji, ga aikin lura na damina guda: kowane rami a ba shi lamba, yara su rubuta ranar da aka toshe shi da abin da aka toshe shi da shi, ko ganye, ko ƙaro, ko laka, sa'an nan ranar da aka ga ƙofar ta ɓule. In mako 6 ya wuce cikin damina ba ko ƙofa guda da ta toshe, a cire gidan a kai shi wani bangon da ya fi kusa da furanni. Wadda ta gwada ta rubuto wa wannan fili, ta faɗi garinsu, da faɗin ramin da aka fara kamawa, da watan da aka kama shi.